Rumfar Makokin Baba Tanko

A wurin ɗaurin auren da aka yi makon jiya a unguwar Totsi, nan Lome, na ji ɗayanku, samarin yanzu, yana cewa aikin rumfa ba sana'a ba ce, wai ƙarfe ne da tamfol, kowa ma zai iya kafawa. Ina zaune a bayansa a kan kujerar roba. Bai gan ni ba, ko kuma ya gan ni bai san ni ba. Ban tanka masa a wurin ba, saboda na san bakina. Idan na buɗe shi cikin fushi ba na iya rufewa, kuma wannan hali ya ɓata tsakanina da mutane da yawa, Allah ya yafe mini. Na dawo gida na ce gara in rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, ya bar ni in faɗi abin da na sani.

Sunana Garba, amma a Zongo ba wanda zai gane ni sai an ce Garba Mai Rumfa. A tsohon Zongo na tashi, wanda yake cikin gari tsakanin teku da tafki, ba wannan da kuka buɗe ido kuka gani ba. Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Tanko. Ubansa ya zo daga Katsina da fataucin goro, shi kuma a Lome aka haife shi. Kayan aikinsa ba su da yawa: dirkoki na itacen tik masu baki biyu a sama, gora, kwanon rufi, igiya, dagi, shebur, tsani, bencina, tabarmi, da amalanke guda da muke turawa. Mutanen Mina, 'yan asalin garin, da masu Faransanci suna kiran abin da muke kafawa apatam. Mu rumfa muke cewa.

Aikina na farko suna ne a gidan wani mahauci. Baba Tanko ya nuna mini inda zan haƙa ramukan dirka, ya tafi ɗauko kwano. Na ga yashi ne, hannu ma yana haƙa shi, na ce wannan ai wasa ne. Kafin ya dawo na gama, na tsayar da dirkokin reras, na zauna ina jiran yabo. Da ya zo sai ya jingina kafaɗarsa da ta farko kamar mai hutawa. Ta kwanta. Ya matsa ga ta biyu, ita ma ta kwanta. Ya dube ni ya ce, "Garba, shuka su ka yi ko kafawa? In shuka ce mu jira su yi saiwa, jaririn ya yi gemu tukuna a raɗa masa suna." Matan gidan suna leƙe ta bakin ƙofa suna dariya. Ranar na koyi cewa yashin Lome mayaudari ne. Na sama busasshe ne, ba ya riƙe komai. Sai ka haƙa har hannunka ya nutse zuwa hammata, ka tarar da mai danshi, ka sa dirka, ka cusa ɓawon kwakwa a gefenta, ka zuba ruwa, ka daddanna da gindin dagi, ka ƙara yashi, ka sake zuba ruwa. In kuma gidan yana kusa da tafki ka zarce da haƙa, ruwa zai taso maka daga ƙasa, dirkar ta yi ta rawa a cikin laka. Babu ma'auni, hannunka ne zai gaya maka inda za ka tsaya.

Bayan yashi sai iska. Duk la'asar tana tasowa daga teku, kuma ba ta sallama. Gefen rumfa mai ƙasa-ƙasa shi ne zai fuskanci teku. In ka juya mata babban baki, za ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga rufin gaba ɗaya. Ba ma buga ƙusa a kwano, domin gobe wani gida zai tafi, kuma duk hudar ƙusa ɗigon ruwa ce a kan hular baƙo. Jera kwano ake yi a kan gora, bakin wannan a kan bakin wancan, a ɗora wata gorar a sama ta danne su, a ɗaure ta sama da ta ƙasa da igiya. Gora guda tana riƙe layi guda. Ku riƙe wannan a ranku: ka kwance igiyar gora ɗaya, layin kwano ne gaba ɗaya ka saki. Kwanon da iska ta ɗauka kuwa wuƙa ce mai tashi. Na ga wanda ya yanke wa akuya wuya a unguwar Adidogome, ba a wurin aikinmu ba.

Sai mutane, waɗanda sun fi yashi da iska wuya. Rumfar suna ta safe ce, kafin azahar an watse, amma in ka manta inuwar mata masu girki a cikin gida, za ka ji sunanka a bakin kowace tsohuwa har shekara ta zagayo. Auren Yarabawan Zongo yana son fili a tsakiya saboda rawa. Zabarmawa suna son bencina a kewaye, kowa yana ganin kowa. Malamai ba sa hawa benci, tabarma ake shimfiɗa musu a gefen gabas, kuma ba a kafa dirka a tsakiyar wurinsu, domin in lokacin salla ya yi za ta yanke sahu. Akwai Alhazai biyu da ba sa ga maciji da juna, sai ka san yadda za ka sa dirka tsakanin bencinsu kamar ba da gangan ba. Duk wannan ba wanda zai gaya maka, kuma in ka yi daidai ba wanda zai lura.

Doka guda ce Baba Tanko bai taɓa sassautawa ba, ita ce ta rumfar makoki. Idan aka yi rasuwa, kafin a dawo daga maƙabarta rumfa ta tsaya a ƙofar gidan, ba a jiran a aiko, ba a maganar lada. Kuma ba a taɓa ko igiya ɗaya a jikinta sai an yi sadakar uku an shafa fatiha. Na ga wani attajirin dillalin shanu ya zo yana kumfar baki, ɗansa zai yi aure, kayanmu kuma suna ƙofar wata tsohuwa mai sayar da koko da ta rasu ba ɗa ba jika. Baba Tanko ya ce masa, "Alhaji, ango zai iya tsayuwa a rana, farin ciki yake yi. Waɗannan zaune suke." Dukan Zongo sun san wannan doka, Hausawa da Kotokoli da Zabarmawa da Yarabawa, har maƙwabtanmu Mina sun san ta, don su ma haka suke yi wa nasu.

Zamanin da nake ba ku labari jam'iyya ɗaya ce a ƙasar. Duk wanda aka haifa ɗan jam'iyya ne, ko ya sani ko bai sani ba. Idan Babban Mutum, wato shugaban ƙasa, zai dawo daga tafiya sai a rufe kasuwa da makarantu, a jera mutane a hanyar filin jirgi, kowace unguwa da wurinta. Mata su sa anko su yi ta rawa da waƙa, ana kiran abin animasiyo, dattawa kuma a zaunar da su a inuwa su yi tafi. Mai kula da wannan a ɓangarenmu wani saurayi ne, Musa, ɗan Alhaji Bawa mai sayar da tabarmi. Ya yi lakwal, wato boko, yana aiki a wani ofis, kullum cikin farar shat mai guga. Ba mugu ba ne, wannan na faɗa tun yanzu. Duk lokacin da ya zo neman rumfa, Baba Tanko sai ya ce kaya suna waje, ya ba shi bencina kaɗan ya sallame shi da addu'a.

Da Baba ya tsufa ciwo ya kwantar da shi, sai ya danƙa mini kayan. A nan na yi wautar da ta jawo komai. Ina so a san ni, ina so a ce Garba ne mai rumfar jam'iyya, motar gwamnati ta riƙa tsayawa a ƙofata. Na tare Musa a bakin masallaci ranar Juma'a, a gaban jama'a, na ce masa daga yau duk ranar da ya buƙaci kayana nasa ne, ko da tsakar rana ne. Ba wanda ya tilasta mini. Da labari ya kai wa Baba a shimfiɗarsa, ya kira ni ya ce, "Ka yi kyauta da abin da ba ka san ranar da za a zo karɓa ba." Na ce a raina tsufa ne.

Baba Tanko ya rasu cikin babbar damina. Rabin kayana a lokacin suna unguwar Adakpame, a wurin makokin surukar wani babban ma'aikacin kwastan, kuma kun san makokin Mina ba ya ƙarewa da wuri. Sauran na kwashe gaba ɗaya na kafa a ƙofar gidan Baba. Ban taɓa kafa rumfa mai kyanta ba. Na zaɓi dirkokin da shi da kansa ya sassaƙa, na ɗaure kowace gora kamar yana tsaye a bayana. Matarsa Iya Hajara tana ciki ta shiga takaba. A waje kuma Malam Habu, limamin masallacinmu, wanda ya karantar da rabin yaran unguwa har da Musa, ya zauna da sauran malamai da dattawa. An raba izu-izu za a sauke Alƙur'ani.

Kwana na biyu da hantsi Musa ya zo. Ya durƙusa ya gai da malamai, ya gai da ubansa da ke cikin dattawa, sannan ya yafito ni gefen katanga.

"Kawu Garba, ya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Allah."

"Ka ji rediyo? Gobe Babban Mutum zai sauka. Ana son rumfar Zongo ta tsaya yau kafin magariba."

Na ce, "Musa, ɗaga kanka ka duba. Rumfar wa ce wannan?"

"Na sani, Kawu. Shi ya kafa rumfar sunana."

"To ka bari a yi sadakar uku gobe da safe, in kwance in kai maka."

"Gobe da safe an riga an rufe hanya, ko keke ba zai wuce ba. Kai ka ce kayanka nawa ne, a gaban mutane ka faɗa. Ni kuma na je na faɗa wa na sama da ni, shi ma ya faɗa wa nasa."

"Je ka Adakpame ka kwaso na can."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "In je in kwance apatam a kan dangin mai kwastan? Kana so in kwana a barikin jandarma? Se pa posibil, Kawu, ba zai yiwu ba." Sai ya rage murya. "Ba ka jin abin da nake ji a ofis. Ana cewa Zongo ƙazanta ce a tsakiyar gari. Ana cewa mu baƙi ne, 'yan Najeriya. Ni nan aka binne cibiyata, ban taɓa ganin Kano ba. Ana maganar rushe mu. In motarsa ta wuce gobe ya ga kowace unguwa da rumfarta, wurin Zongo fili, me kake so su ce?"

Maganarsa tana da kai, amma ni a lokacin ba kai nake nema ba. Na zage shi. Na kira shi karen ofis, na haɗa da ubansa, dattijon da ke zaune taku kaɗan daga gare mu yana jan carbi. Musa ya dube ni, ya juya ya tafi. Da na yi masa magana irin ta manya, da mun je gaban Malam Habu tare an nemi mafita. Da na ɗauki adda na tafi bakin teku na saro ganyen kwakwa, da kafin azahar na yi abin da zai maye gurbin kwano. Ban yi ko ɗaya ba. Na zauna a kan amalanke ina huci, ina gaya wa duk wanda ya wuce cewa yau za a ga namiji.

Bayan azahar kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo lungu, ya tsaya daf da rumfar. Musa ya sauko, jandarma biyu suka biyo shi. Direban na san shi, Fofo Kosi, mutumin Mina ne da ke kai wa 'yan Zongo goro daga tasha, yana jin Hausa kamar mu. Babban jandarman ya yi magana da Faransanci, Musa ya fassara da kansa a sunkuye: kowa ya tashi, za a ɗauki kaya.

Malam Habu ya kai ƙarshen ayar da yake kai, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Musa, gaya masa muna tsakiyar karatu. In mun sauke za mu tashi."

"Malam, ya ce yanzu."

"Na ji. Gaya masa abin da na ce." Ya mai da idonsa kan takarda ya ci gaba. Masu zaune a benci suka miƙe, amma maimakon su fita sai suka matso suka zauna a kan yashi a bayan malamai. Rumfar ta ƙara cika.

Jandarman ya duba agogonsa, ya yi wa direba tsawa. Fofo Kosi ya sauko da sarƙa a hannu, ya zo ya wuce ta gabana, ya ce a hankali, "Garba, wallahi ba na so. A wurinmu ko ɓarawo ba ya taɓa apatam na mutuwa. Jandarman ya ce in ɗaura a sandar kusurwa in ja, wai in ta fara motsi za su gudu. In ban ja ba shi zai hau ya ja."

Jandarman bai san rumfa ba, ni na san ta. Idan aka fizge dirkar kusurwa ba motsi za ta yi ba, gorar farko za ta karye, ta ja ta biyu, kwano ya zubo da bakinsa a kan tsofaffin da tashi ma sai an kama musu hannu. Na durƙusa a gefen Malam Habu na ce, "Malam, don girman Allah ku tashi." Bai ko ɗaga kai ba. Na dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya dube ni. Sun riga sun yanke shawara ba tare da sun yi magana ba, kuma suna da gaskiya. Fofo Kosi yana tsugune yana naɗa sarƙa a gindin dirka, yana jan lokaci iyakar iyawarsa.

Na ce wa Musa, "Gaya masa ya cire sarƙarsa. Ni zan sauke." Na jingina tsani na hau.

Ku da kuke cewa kowa zai iya, ku saurara. Yadda ake kwance rumfa shi ne a kori kowa, a sassauta igiyoyi duka, a zamo da kwano ƙasa. Ba a taɓa koya mini kwance ta da mutane a ƙarƙashi ba, don ba wanda ya taɓa tunanin za a yi. Ga shi iskar la'asar ta fara, kuma hadari yana haɗuwa ta wajen teku. Na fara daga gefen da ba ya fuskantar iska, don layin gaba ya ci gaba da tare ta. Ba na kwance gora gaba ɗaya. Ɗauri ɗaya nake sassautawa, in danne gorar da gwiwa, in zaro kwano guda a hankali ta ƙarƙashinta, in sake ɗaure igiyar da haƙori da hannu ɗaya kafin in motsa. Nauyina kuma dole ya tsaya a kan kan dirka, in na taka tsakiyar gora za ta lanƙwashe ta buɗe bakin kwanon da ke gaba. Ta tsakanin gorori ina ganin rawuna da huluna da takardun Alƙur'ani a ƙasana, ina jin karatu yana tashi kamar babu abin da ake yi.

Ina buƙatar mai karɓa a ƙasa. Na leƙo na ce, "Musa, kai za ka karɓa." Ya zo bai yi musu ba. Akwai tsummokaran da muke naɗewa a hannu saboda kaifin kwano, suna cikin aljihuna. Ban ba shi ba. Da gangan na riƙa miƙa masa ta baki mai kaifi. Ya karɓa, ya ɗaga sama da kansa, ya ratsa tsakanin dattawa a hankali, ya wuce ta gaban ubansa, ya kai mota, ya dawo. Kafin mu kai rabi tafukansa sun tsattsage, farar shat ɗin ta ɓaci da tsatsa da jini. Bai yar da ko ɗaya ba. Na ji daɗin ganin jininsa a lokacin. Wannan yana cikin abin da nake neman gafara a kai har yau.

Ina tsakiyar aiki sai na ji muryar Iya Hajara daga bayan ƙofa. "Wa ke kan rumfa?"

Wata mata ta ce, "Garba ne, Iya."

Na tsaya ina jiran abin da za ta ce. Sai na ji ta koma ciki.

Layin ƙarshe shi ne na gaban iska, kuma a ƙarƙashinsa malamai suke. Ina sassauta ɗauri sai iska ta buga da ƙarfi, kwano biyu suka ɗaga baki lokaci guda. Ba ni da hannun da zan kama su, sai na faɗa a kansu da ƙirji na rungume gorar. Bakin ɗaya ya shiga damtsena. Na kwanta a haka har iskar ta lafa, jini yana bin gora yana ɗiga a kan tabarma kusa da gwiwar Malam Habu. Ya ja takardarsa gefe kaɗan, ya ci gaba da karatu. Na sauke kwanon ƙarshe, na sauke gorori, sannan na bi dirkokin ɗaya-ɗaya a tsakanin mutane, ina girgizawa ina zarewa, ina cike ramin da ƙafa don kada wani tsoho ya karye in ya tashi. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu a cikin masu zaman. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa yin aikin da ya kai wannan gwaninta ba, kuma ban taɓa yin wanda na tsana kamarsa ba.

Ana ɗora dirka ta ƙarshe a mota ruwa ya sauko. Malamai suka naɗe takardu suka cusa cikin riguna, waɗanda suka haddace suka ci gaba da ka. Ba wanda ya tashi. Ina bayan kamiyo a kan kayana, muna fita daga lungu, ina kallon dattawan Zongo zaune a fili ruwa yana zuba a kan rawunansu, a ƙofar mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa makokin kowa inuwa.

A hanyar filin jirgi na kafa rumfar. Na so in yi aikin banza, hannuna ya ƙi, don bai iya ba. Aka ce in tsaya in yi gadinta har a gama. Washegari aka kwaso mata da anko, aka kwaso dattawan da ba su je makoki ba, aka yi ta waƙa tun safe. Can da rana babura suka wuce da jiniya, baƙaƙen motoci suka biyo su a guje, gilasai a rufe. Ban ga fuskar kowa ba, ban kuma yarda akwai wanda ya juyo ya ga rumfar Zongo ba. A ranar nan aka yi sadakar ukun Baba Tanko a fili, ni ba na wurin. An tsallake makokin mai kwastan an zo kan namu, don an san mu ne za a taka a kwana lafiya. Kuma ni na buɗe musu ƙofa da bakina.

Rumfar ba ta cece mu ba. Iya Hajara ba ta fita takaba ba katafila ta shigo Zongo. Aka rushe gidan Baba Tanko, aka rushe nawa, aka rushe na Alhaji Bawa. Na ga Musa da tukwanen uwarsa a ka yana neman motar da za ta ɗauke su, katin jam'iyya bai hana komai ba. Muka haɗa ido, na ce masa, "Sannu," ya ce, "Yauwa, Kawu." Wannan ce muguwar shekarar sana'ata. Waɗanda nake yi wa aiki suka watse, wasu Adidogome, wasu Adakpame, wasu suka tsallaka Gana. Sauranmu aka zube mu can gaban unguwar Agwe, a daji. Ƙasar wurin ja ce mai tauri, dagi yana tsalle a kanta, duk abin da na sani game da yashi bai yi mini amfani ba. Ba mai biki, suna ma a tsaye ake raɗawa. Mutane suka riƙa zuwa aron kwano don su sami inda yara za su kwana, na bayar, da yawa ba su dawo ba, ban kuma bi sawu ba.

Tun ranar da na hau rumfar nan Iya Hajara ba ta yi mini magana ba. In na je gaisuwa daga bakin ƙofa, wata ce take amsawa a madadinta. Ranar da aka sauke mu a sabon wuri na hango ta zaune a kan ƙunshin kayanta a tsakiyar fili, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mace mai takaba, wadda ko ƙofar gida bai kamata ta leƙa ba, ga ta a idon duniya, maza suna wucewa suna kau da kai. 'Ya'yanta suna can suna rigima a kan iyakar fegi.

Ban tambayi kowa ba. Na turo amalanke da abin da ya rage mini, na fara haƙa a gefenta. Ƙasar ta ba ni wuya, sai da na roƙi ruwa a wurin masu girki na jiƙa ta. Na kafa dirkoki, na jera kwano, na ɗaure, na kewaye da tabarmi ta kowane gefe, na bar ƙofa ta wajen da ba hanya. Na ɗauki ƙunshin kayanta na shigar. Duk tana zaune tana kallona ta ƙarƙashin mayafi. Da na gama na tsaya nesa kaɗan, na ce, "Iya, ga wuri."

Ta tashi a hankali, ta je bakin ƙofar, ta kama dirka ɗaya ta girgiza. Dirkar ba ta motsa ba.

"Garba."

"Na'am, Iya."

"Wannan kuma yaushe za ka zo ka kwance?"

Na ce, "Sai ranar da kika ce, Iya."

Ta shiga ta ja tabarma ta rufe. A ciki ta gama takabarta. Daga baya 'ya'yanta suka gina mata ɗaki na bulo a jikin rumfar, ta ci gaba da girki a ƙarƙashinta, kwanon ya yi tsatsa, gara ta ci gindin dirkoki na riƙa zuwa ina canzawa. Ta yi shekaru masu yawa tana amsa gaisuwata, tana ba ni koko in na zo. Har ta rasu ba ta ce in kwance ba.